Sista Kar-a-taɓa da Kumfar da Ke Idon Yayana

A asibitin ido na garinmu akwai wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, jikin ɗakin tiyata, ba taga, ba kujerar baƙo. Da sassafe, tun masu ba da kati ba su ɗaga labulensu ba, wata mata ce ke fara buɗe shi. Gajeriya ce, furfura ta ci gefen kanta, tafiyarta kamar ta wadda ta ɗauko kwano cike da mai. Jakarta kullum a hannun hagu take, don kada na dama ya gaji. Ran da za ta yi aiki ba ta shan shayi, wai yana sa yatsa rawa. Ba ta kuma amsa faɗa da safe. In mai babur ya tsokane ta a hanya, sai ta ce masa, "Riƙe abinka, da yamma zan ba ka amsa." Tana shiga ɗakin sai ta zauna ta ɗora hannuwa a cinya har numfashinta ya kwanta. Sannan ta wanke hannu har gwiwa, sannan ta buɗe firji. Matar da ke goge barandar ta rantse mini ta sha jin tana gaishe da abin da ke cikin firjin. "Kun kwana lafiya?" Haka take cewa, a hankali, kamar mai gudun ta da jariri.

Sunanta na yanka yana nan rubuce a ƙirjin rigarta, amma ban taɓa jin wanda ya kira ta da shi ba. Sista Kar-a-taɓa ake ce mata, daga likitoci har masu gadi, don kalmar da ta fi fita daga bakinta ke nan. A ƙarshen wannan watan za ta ajiye aiki. Na jira in ji wani mai ilimi ya tashi ya faɗi wace ce ita, ban ji ba. Ni ban yi nisa a boko ba, gyaran fitila da laima na yi rayuwata a kai, kuma rabin abin da matar nan ta yi a gabana har yau ban gane shi ba. Amma na gani da idona, kuma Yayana yana gani da nasa saboda ita. Shi ya sa na ɗauki biro.

Yayana magini ne. Idonsa na hagu ya tafi tun muna da ƙarfinmu, ran da siminti ya fantsama masa. Da na dama ya ci gaba da gini, ya aurar da 'ya'yansa, ya tsufa. Sai shi ma na daman ya fara hazo, kamar gilashin mota da aka hura wa numfashi. Da safe ya fi tsanani. Ya zama in ya shiga gidan mutane sai ya bi bango da tafin hannu yana tsaki, amma ba ya iya nuna inda aka karkace. Abin da ya karya masa zuciya shi ne ma'auninsa, wannan katakon magina mai 'yar kwalba a tsakiya da kumfar iska a ciki, wanda in ka ɗora a kan gini kumfar ke gaya maka ko ya daidaita. Ran da ya kai shi har bakin hancinsa bai ga kumfar ba, ya rataye shi a ƙusa, bai ƙara maganarsa ba.

Likita ya duba ya ce dashi za a yi, daga idon wani bawan Allah da ya rasu ya bar izini a amfana da shi. Ni na ɗauka za a zare idon Yaya ne ɗungurungum a cusa na mamacin. Na kwana ina saƙe-saƙe. In an sa masa, mutanen wa zai riƙa ganewa a hanya, nasa ko na mai idon? Da na faɗa wa matar Yaya, sai ta tafa hannu.

"Sarkin tambaya ya fara! Ni dai in idon mai kallon mata ne, a mayar musu da abinsu."

"In na mai kallon tukunya ne fa?"

"Wannan ai naka ne, kuma ba ka mutu ba tukuna."

Da na kai wa likita tambayata, ya yi dariya ya ce, "Baba, zo in haɗa ka da mai kayan." Haka na fara tsayawa a ƙofar ɗakin Sista. Ba ta bar ni na shiga ba. Ta fito ta same ni a baranda, riƙe da dafaffen ƙwai da ta ciro daga jakarta. Ta ɓare shi, ta sa farce ta ɗago wannan siririn tantanin da ke manne a cikin ɓawo.

"Baba, ba ido za a canja ba. Gaban ido gilashi ne, ta nan haske ke shiga. A bayan gilashin, ta ciki, akwai tantani. Wannan na ƙwan, in an gwada su, bargo ne don kauri. Shi kaɗai za mu cire na Yayanka mu sa na wani."

Sai ta juyo da wani allo mai hoto ta nuna mini. Na ga abu kamar saƙar zuma, gida-gida, kowane da kusurwa shida, a jere ba iyaka. Ta ce waɗannan ƙwayoyi ne masu rai da ke zaune a jikin tantanin, kuma aikinsu ɗaya tak: kwalfe ruwa. Ruwan cikin ido kullum yana neman shiga gilashin, su kuma suna kwalfe shi. In sun yi ƙaranci, ruwa ya ci ƙarfinsu, gilashi ya yi hazo. Abin da ya sami Yaya ke nan.

"To ba sa haihuwa ne?" na ce.

"Ba sa haihuwa. Da rabonka ake haifarka. Wadda ta mutu ta mutu, maƙwabciyarta ce za ta miƙe ƙafa ta rufe gurbin, ta yi aikin biyu."

"Me ke kashe su?"

"Mu." Ta faɗa ba ta ko ƙifta ido ba. "Hantsaki in ya kama. Iska in ta busar. Ninki in ya yi ƙarfi. Girgiza a hanya. Duk dashin da aka yi a duniya sai an kashe wasu, Baba. Aikina shi ne kada su yi yawa."

Ta canja hoton. A wannan akwai wani tabo shuɗi a gefe, kamar inda tawada ta ɗiga. Ta ce akwai ruwan da take zubawa, ƙwayar da ta mutu kaɗai yake rinawa. "Nan hantsaki ya taɓa sau ɗaya. Unguwa guda ke nan."

Na tsaya ina kallon unguwar. Kaina ya ɗaure. Mai idon an yi masa wanka, an kai shi makwancinsa, iyalinsa sun karɓi gaisuwa. Amma ga waɗannan suna nan a firji suna ta kwalfar ruwa, a gidan da babu kowa.

"Sista, su ba a gaya musu ba ne, cewa maigidan ya rasu?"

Ta dube ni. "Ban taɓa gaya musu ba, Baba. Kai ma kar ka gaya musu."

Har na isa gida ban san ko wasa take ba.

Kafin ranar aiki na yi ta zarya a asibitin, na ji labarinta a bakin mutane da dama. Direban da ke ɗauko akwatin sanyi mai ɗauke da idon dashi daga tasha ya ce mini farkon zuwansa a bayan mota ya jefa akwatin, tare da tayar safaya. Da ya iso ta leƙa ta gani, ba ta ɗaga murya ba. Ta buɗe ƙofar gaba, ta ɗora akwatin a kujera, ta ja bel ta ɗaura masa, ta ce, "Daga yau nan ne wurinsa. Baƙo ka ɗauko." Ya ce har yanzu in ya zo kan rami sai ya ji bakinsa ya ce wa akwati "sannu".

Likita kuwa ya ba ni labarin ran da ta hana a yi wa wani dattijo aiki bayan an riga an sa masa rigar tiyata. Ta duba tantanin da safe ta ga shuɗin ya yi yawa, ya sha wuya a hanya. 'Ya'yan dattijon sun zo daga nesa, sun tare ta a baranda, babu irin maganar da ba su gaya mata ba. Ta tsaya ta shanye. Ta ce musu, "In an sa masa wannan, zai gani na ɗan lokaci, ku yi murna, sannan hazon ya dawo. Ku zage ni yau ya fi." Suka tafi suna zaginta. Da aka samu mai kyau aka kira su. Likita ya ce ba su dawo sun ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta taɓa tayar da zancen ba.

Ke ce, Sista, mai riƙe abu ta gefensa. Ke ce wadda ke ɗaye abin da ido ba ya gani sosai, a ƙarƙashin ruwa, kina riƙe numfashi, don kada ajiyar mamaci ta lalace a hannunki kafin ta isa ga mai rai. Mutane suna gode wa likita, kuma ya cancanta. Amma shi da bakinsa ya ce mini, "Abin da ta miƙo mini nake dasawa. In ta miƙo gawa, gawa zan dasa."

Ranar aiki Yaya a farke yake, allura kawai aka yi masa a wurin. Shi ya ba ni labarin abin da ya ji a ƙarƙashin mayafi, likita ya cike mini sauran. Ashe tantanin nan, da an ɗaye shi, naɗe kansa yake yi kamar tabarma, kuma ƙwayoyin ta waje suke. Haka ake tura shi cikin ido ta wani siririn bututu. To ga tabarma a cikin ɗaki, kuma an hana ka sa hannu ka shimfiɗa. Sai dai likita ya riƙa ɗan ƙwanƙwasa gilashin ta waje, yana fesa ruwa kaɗan-kaɗan, har ta warware don kanta. In ta warware a kife kuwa, ƙwayoyin suka fuskanci bango, wato jikin gilashin, aiki ya ɓaci. Don haka tun a ɗakinta Sista take yi wa gefen tantanin wata 'yar alama, yadda za a gane gaba da baya. Yaya ya ce ya ji likita yana cewa, "Sista, duba mini alamarki," ita kuma ta ce, "Tana daidai. Kar a ƙara taɓawa."

Ba a ɗinkewa. Nan ma na ruɗe. Iska ake hurawa cikin idon, 'yar kumfa guda, ta taso ta danne tantanin a jikin gilashi har ya kama. Saboda haka aka ce Yaya ya kwanta rigingine, fuska ga silin, ba matashi, ba waiwaye, sai in zai ci abinci ko zai kewaya. Aka kai shi ɗakin kwanciya, ni da matarsa muna jinya.

Washegari da aka cire bandeji, Yaya ya ƙura wa sama ido. Can sai ya ce, "Auta." Haka yake kirana, duk da ba ni da haƙori ko na rantsuwa a sama.

"Na'am, Yaya."

"Ina ganin kumfa."

Mutumin da ya daɗe bai ga kumfar ma'auninsa ba, ga shi an sa masa wata a cikin ido, inda ba mai ƙwace masa. Ya ce yana ganin bakinta, baƙin layi mai lanƙwasa, yana motsi in ya motsa. Muka yi ta hamdala. Sai kuma na ga ya ɓata fuska.

"Gadon nan a karkace yake."

"Yaya, gadon asibiti ne."

"Asibitin ba mutum ne ya gina ba? Kumfar ta gudu wajen ƙafafuna. Kumfa kuwa wajen tudu take gudu. Ƙafa ta fi kai tsawo ke nan. Likita ya ce in kwanta daidai, ni kuwa ba daidai nake ba."

Maganarsa ta shiga kaina. Duk wanda ya taɓa riƙe wa magini bokiti ya san kumfa sama take nema. Matar Yaya ta ninke zanenta ta tura masa ƙarƙashin kai. Ya duba ya ce kumfar ta ƙara yin ƙasa. "Karkatar ta fi yadda na zata. A ƙara." Matar marar lafiyan da ke gadon kusa, baiwar Allah mai son taimako, ta miƙo matashi. Ya ce ba ta dawo ba, ta ma ƙara nisa. Wani ya kawo kwali aka ninke aka sa a ƙafafun gadon na wajen kai. Kafin azahar rabin ɗakin ya shiga aikin, kowa na ba da shawara, Yaya yana kwance yana ba da umarni kamar yana kan gini: "Ɗaga kaɗan. Ya isa. A'a, ƙara." Kumfar dai sai ƙara gudu take. Nas ɗin ɗakin ta leƙo daga ƙofa ta ga yana kwance fuska sama, ta wuce. Haka ya wuni, haka ya kwana.

Ba aikin Sista ba ne zagaya ɗakin kwanciya. Aikinta ya ƙare tun da ta miƙa tantani. Amma ashe al'adarta ce, in ta gama na safe, ta bi duk wanda aka dasa wa ta leƙa. Masu gadi suna cewa ta je gaishe da 'ya'yanta. Da hantsi ta shigo. Ta tsaya a ƙofa. Ta dubi kwalin, ta dubi matashin, ta dubi Yaya da ke kishingiɗe kamar mai jiran a kawo masa shayi. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi irin wannan sanyi ba.

"Wa ya yi wannan?"

Matar gadon kusa ta juya tana gyara wa mijinta bargo.

"Ni na sa," in ji Yaya. "Gadonku ne ba daidai ba, 'yata."

Da hannunta ta tallafi ƙeyarsa, ta zare kayan ɗaya bayan ɗaya, ta kwantar da shi. Aka kira likita, aka tura Yaya ɗakin dubawa. Da suka fito likita ya ja mu gefe, ni da matar Yaya. Ya ce da kan ya tashi, kumfar ta bar ƙasan tantanin, gefen ya saki, yana lilo a cikin ruwa. Dole a koma a ƙara hura iska. Kuma duk komawa da asararta, wasu ƙwayoyin za su tafi. Wannan karon yana da fata. In aka sake, ba ya jin waɗanda za su rage za su iya kwalfe ruwan. Wani tantanin kuwa ba a san ran da za a samu ba, ga layi.

Matar Yaya ta zauna a ƙasa a barandar. Duk surutunta ya ƙare. Ta ce, "Ido ɗaya gare shi, likita." Ya ce, "Na sani, Mama."

Aka ƙara iskar a ranar. Aka dawo da shi gado, aka shimfiɗe shi. Ba a jima ba na ji ya ce, ƙasa-ƙasa, "Auta, har yanzu ba ta tsakiya." Na ga hannunsa yana lalubar zanen matarsa. Na san Yayana. Zai yi wa likita "to", ya yi wa nas "to", in an juya baya ya gyara abin da ya ga ya karkace, don bai taɓa iya barin karkatacce ya kwana ba. Na ruga na kira Sista.

Na zata faɗa za ta yi. Sai ta jawo kujera ta zauna a gefen kansa.

"Baba, wa ya gaya maka gadon ya karkace?"

"Kumfar."

"Me ta ce?"

Ya yi mata bayani tiryan-tiryan, tudu da gangare, kamar yana koya wa sabon lebura. Ta saurara har ya gama. Sannan ta ce masa ido a juye yake ɗaukar hoto, abin da ke sama a cikinsa ƙasa mutum ke ganinsa. Kumfar da yake gani wajen ƙafa, wajen goshi take. Duk ɗagawar da aka yi, korar ta aka yi ta yi.

Ni nan kaina ya ƙarasa kwancewa. In ido a juye yake gani, ke nan tun da aka haife ni a kife nake ganin mutane? Wa yake miƙar da su kafin in gaishe su? Na tambaya, ta ce ƙwaƙwalwa. Na ce ita ƙwaƙwalwar wa ya gaya mata ina ne sama? Matar Yaya ta ce, "Don girman Allah, Sarkin tambaya, ka bari a ji da mai ciwo."

Yaya kuwa bai karɓa ba. "'Yata, ke kin san ido, ban musa ba. Ni na san kumfa. Tun ba a haife ki ba nake aiki da ita, ba ta taɓa yi mini ƙarya ba."

Sista ta ɗora hannuwanta a cinya, irin zaman da take yi da safe. Sai ta ce, "Ma'auninka yana nan?"

"Yana rataye a gida."

"Babba ne?"

"Akwai ƙarami, na aljihu."

Ta juyo gare ni. "Baba, je ka ɗauko."

Na je na ɗauko ban san me za a yi da shi ba. A hanya har na yi tunanin ko kumfar ciki za ta zuƙe ta ƙara masa a ido. Da na kawo, ta goge shi da auduga da ruwan magani, ta ɗora shi a goshin Yaya a tsaye, daga tsakanin gira zuwa gashi, ta manne da filasta. Ta gyara kansa da yatsa biyu a haɓa. Ta ce mini, "Karanta masa."

Na sunkuya. "Tana tsakiya, Yaya."

"Tsakanin layi biyun?"

"Cif."

"Kar ka yi mini ƙarya, Auta. Kai ko bulo ba ka iya jerawa ba."

"A tambayi matarka."

Matar Yaya ta leƙa ta ce, "Tsakiya take, Malam. Karo na farko da ƙaninka ya faɗi abu daidai."

Ya yi ajiyar zuciya. "To ta cikin idon fa?"

Sista ta ce, "Waccan ba ta awo ba ce, Baba. Tokara ce. An zuba rufin siminti, ita ke riƙe da shi ta ƙasa har ya kama. Ka taɓa ganin an matsar da tokara rufi bai bushe ba?"

Yaya ya ce, "Wanda ya yi haka a wurina, a ranar nake sallamarsa."

"To kar ka sa in sallame ka."

Daga wannan lokacin bai ƙara motsa kai ba. Ya kwanta da ma'auni a goshi kamar an dasa shi. Jefi-jefi ya ce, "Auta, karanta," in ce, "Tsakiya." Masu zuwa dubiya suna tsayawa a ƙofa su yi turus. Wata tsohuwa ta tambaye ni ko sabuwar na'ura ce aka kawo daga waje, na ce mata eh, don ban san ta inda zan fara ba.

Kumfar ta yi ta ƙanƙancewa har ta ɓace. Likita ya ce tantanin ya kama ko'ina. Amma hazon bai tafi ba. Kullum da safe matar Yaya takan ɗaga yatsu a gabansa, ya ce yana ganin inuwa. Muka koma gida da magungunan ɗigawa, muna zuwa ana dubawa. A wani zuwan aka ɗauki hoton ƙwayoyin, Sista ta fito da allonta. Saƙar zuman ba ta yi kyan ta farko ba. Gidajen sun yi girma, wasu sun baje sun rasa kusurwarsu. Ta daɗe tana kallo, leɓenta na motsi.

"Sun ragu," ta ce. "Wasu a hannuna, wasu a bututu, wasu a kan matashi. Amma dubi waɗannan yadda suka miƙe ƙafa. Suna aiki. A ba su lokaci."

Na lura da kanta ta fara lissafin. Ban san me ya sa wannan ya tsaya mini a rai ba.

Wata safiya muna zaune a barandar asibiti muna jiran layi, Yaya ya kama hannuna ya matse. Sista ce ta fito daga ɗakinta tana tura ɗan keken da take ɗora kayanta zuwa ɗakin tiyata. Da ta zo bakin ƙofa sai ta tsaya, ta sunkuya, ta ɗaga ƙafafun keken na gaba, ta tsallakar, ta koma ta ɗaga na baya.

"Auta, dokin ƙofar can ya fi daɓen tudu. Kuma ya zame ta hagu."

Tsakaninmu da ƙofar akwai nisa. Na dube shi, na dubi ƙofar. Matar Yaya ta saki jakarta.

"Malam! Kana gani? Kuma ni da nake gabanka ba ka gan ni ba sai dokin ƙofa?"

"Ke ai yadda na bar ki haka na same ki. Ƙofar ce abin takaici."

Tana dariya tana share hawaye da bakin mayafi. Ashe tun da aka gina ɗakin haka dokin ƙofar yake, kuma tsawon shekarun nan Sista ɗaga keken take yi, safe da rana, don kada abin da ke kai ya girgiza. Bayanta ma ya fara ciwo saboda shi.

Da likita ya ba shi izinin sunkuyo, Yaya ya nemi izinin hukumar asibitin, aka ba shi ranar da ba a tiyata. Sista ta tilasta masa tabarau mai rufe ido ta ko'ina, ta tsaya a kansa kamar mai gadi. Ni na kwaɓa siminti, nesa da shi, bisa umarninta. Ya fasa tudun, ya zuba sabo, ya shafe. Sannan ya ciro ƙaramin ma'aunin daga aljihu, har yanzu da sauran danƙon filasta a jikinsa, ya ɗora. Na matso don in karanta masa, yadda na saba. Ya ture ni da gwiwar hannu. Ya duba da kansa.

"Tsakiya," ya ce.

Sista ta ce, "Kash, Baba. Sai da zan tafi?"

"Wadda za ta gaje ki ba ta da baya ne?"

Sista, mun gode. Yayana ya gode, matarsa ta gode, ni ma da ban gane rabin bayaninki ba na gode. Na tabbata iyalan waɗanda suka bar idanunsu, da sun san irin riƙon da kika yi wa ajiyarsu, da sun zo sun gode. Allah ya huta da bayanki, ya bar miki hannunki da sanyinsa. Ku kuma da za ku zauna a kujerarta, da duk wanda aikinsa ya sa abin wani ya ratsa ta hannunsa, ku yi koyi da ita. Ku riƙe ta gefe. In kun miƙa, ku bi sawu ku ga inda ya kwana. In tsoho ya kafe a kan kuskure, ku tambaye shi wa ya gaya masa, ku saurara har ya gama.

Ni dai har yanzu akwai abin da ban warware ba. Ban san ko a kife nake ganin duniya ba. Ban san ko mai idon nan namiji ne ko mace, ko yana son gini. Amma kullum da safe in na shiga gaishe da Yaya, bayan na gaishe shi, nakan ɗan sunkuya wajen idonsa na dama in ce, "Kun kwana lafiya?" Matarsa ta ce na ƙarasa zarewa. Shi kuwa ba ya hana ni, sai ma ya buɗe idon da kyau. Suna nan suna ta kwalfar ruwansu, kuma har yau ba mu gaya musu ba.